Shukar da Ba a Bari Ta Girma

A Turai akwai wata shuka mai yaɗo, Faransawa na ce mata liyer, masana kuma Hedera helix. Inuwa da sanyi take so. Ranar Afrilu ta Maraɗi ƙone ta za ta yi. Masu lambu kan lanƙwasa waya ta yi siffar zobe ko tsuntsu, su kafa a tukunya, su riƙa naɗa rassan shukar a jiki har wayar ta ɓace.

Aikin ba na rago ba ne. Reshen da ya fita layi, a datse shi da almakashi dab da saman ganye. A tsinke kan toho, don idanun da ke ƙasa su farka ta cika. A riƙa juya tukunya kowane gefe ya sha haske. Ruwa kuwa sai saman ƙasa ya bushe, kada saiwa ta ruɓe. Wa zai ce wannan ba ƙauna ba ce?

To amma liyer rayuwa biyu gare ta. Tana ƙarama, ganyenta mai yatsu 3 zuwa 5 ne, yaɗo kawai ta sani. In ta shekara da yawa, ta hau bango ta kai haske, sai ganyen ya sauya kama, ta yi fure, ƙudan zuma su zo, ta yi ƴaƴa baƙaƙe tsuntsaye su ci. Ta kan waya ba ta kaiwa nan. Almakashi ya tsare ta cikin ƙuruciya, kuma wannan ƙuruciyar ita mai lambu ke kira kyau.

Mun taso muna jin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, don liyer ɗin da aka saki takan kutsa tsagar tsohon bango ta ƙara buɗa ta. Sai dai karin maganar bai faɗi ranar da za a saki iccen ba.

Ina da ƙane ɗan shekara 17, ni ke duba karatunsa. Ran nan ya ce kanikanci yake so, ba jami'a ba. Wallahi kafin ya rufe baki na datse shi. Da dare na tambayi kaina: gyaran nan don shi ne, ko don siffar da na lanƙwasa tun tuni?

Ƴan uwa, a ganina tarbiyya tana da ranar ajiye almakashi. Gyaran da ba ya da wannan rana ado ne na mai tukunya. Gobe zan koma in ji sauran maganar ƙanena.