Tanadi Ba Ya Kore Tawakkali

Ka ce wa wani magidanci ya ware ɗan hatsi da ɗan kuɗi saboda ranar da ba a fata, sai ya haɗe rai ya ce, "Kada ka yi mana mugun baki, Allah na nan." Allah na nan, babu shakka. Amma Annabi Yusufu, Alaihis Salam, wanda ya fi mu sanin haka nesa ba kusa ba, shi ya ba Masar shawarar ajiye hatsi a zangarniyarsa shekara bakwai na yalwa domin shekara bakwai na ƙunci. Kakanninmu ma ba raunin imani ya sa suka gina rumbu ba.

A Satumban 2024 madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ruwa ya shigo Maiduguri cikin dare mutane na barci. Ya mamaye Gwange da Fori da Kasuwar Monday, bai bar fadar Shehu ba. Garin ya taɓa ganin irin wannan a 1994. Kula da madatsa aikin hukuma ne, ba na ɗora wa talakan da ya rasa komai laifi. Sai dai a irin wannan dare mutum ba ya fita da komai sai abin da ya riga ya kintsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tanadin nan kuwa bai fi ƙarfin talaka ba: takardun gida da na makaranta a ƙulle cikin leda, tocila, jarkar ruwa, ɗan garin kwaki, maganin hawan jinin tsohuwa, da 'yan kuɗi a hannu, domin idan sabis ya ɗauke mai POS ba shi da abin ba ka.

Abin da ya fi damuna shi ne maigidan da ya mayar da komai sirri. Shi kaɗai ya san inda takardu suke, shi kaɗai ya san abin da ke banki. Masifa kuwa tana iya zuwa yana kan hanyar Legas. Uwargida ta san tudun da za ta nufa da yara? Yaran sun haddace lambar wayar wani babba? Wa zai goya kakar da ba ta iya tafiya? Barin iyali cikin wannan duhu sakaci ne da amana, ko da an kira shi tawakkali.

Maigida, yau bayan isha'i ka tara iyalinka ku yi wannan magana, tun damina ba ta kankama ba.