Waƙar Tsohuwar Dabai

Wani darakta daga Kano ya saɓi kyamara ya nufi Zuru, a kudancin jihar Kebbi, zai shirya fim a kan golmo, wato noman da saurayin Dakarkari kan yi wa surukinsa, a da har shekara 7, kafin a ba shi mata. Ba ya jin C'lela ko kalma guda. Da yake an ce da ɗan gari akan ci gari, sai ya ɗauki wani matashi ya yi masa tafinta.

Kaka ta yi, ana shirin bikin Uhola. Suka zaga Rikoto da Senchi, suka sauka Dabai. Nan suka tarar da wata tsohuwa tana sheƙar dawa, tana waƙa ƙasa-ƙasa, tana share ido da gefen zane.

"Me take cewa?" in ji darakta.

Tafinta ya sosa ƙeya. "Yallaɓai, wahalar golmo take tunawa."

Darakta ya koma Kano cike da murna. Wajen tace fim aka sa wa tsohuwa goge mai ban tausayi, aka rubuta fassara a ƙasa. Ana gobe za a miƙa aiki, ya sake kallo shi kaɗai. Can bayan tsohuwa sai ya hango wata yarinya ta toshe baki da hannu, kafaɗunta na rawa. Ya mayar da hoton baya, ya sake dubawa. Dariya take yi.

Da ya kawo maganar komawa Dabai, furodusa ya ce, "Oga, wa zai lura? Ga tsadar mai, ga nisan hanya." Darakta ya kwana yana juyi. Da gari ya waye ya ce sai masu waƙa sun ga fim ɗinsu tukuna.

Da magariba aka rataya farin ƙyalle a bango a Dabai, aka tayar da janareta. Goge na farawa, wuri ya kece da dariya, har da masu riƙe ciki.

Darakta ya durƙusa gaban tsohuwa. "Inna, me ya faru?"

Ta amsa da Hausa tsaf. Waƙar zambo ce, ta wani ragon saurayi da rana ta buɗe ya yar da garma a gonar suruki ya tsere birni. Hawayen kuwa ƙaiƙayin dawa ne.

"Ashe kina jin Hausa! Me ya hana ki gaya mini?"

"Ɗana, ka tambaye ni? Kyamararka ce ta dube ni, kai tafinta ka duba."

"To, wane ne saurayin?"

Tsohuwa ta nuna benci da baki. Tafinta ba ya nan, sai takalminsa ƙafa ɗaya.

Aka cire goge, aka bar dariyar 'yan Dabai a fim.

Mai karatu, in ka ɗauko maganar mutane da harshen da ba ka ji, ka mayar musu su saurara kafin ka kai wa duniya.