Ko Ya Kamata Maƙeri Ya Karɓi Ladan Washi?

Wani ɗan'uwa maƙeri a ƙasar Daura ya kawo mini kuka. Ya ce 'yan ekklesiya sukan kawo masa wuƙaƙe da lauje domin washi, in ya ambaci kuɗi sai su ce, "Haba ɗan'uwa, ba kai ka ƙera ba?" Ya yi ta aikin kyauta har hatsi ya ƙare a gidansa.

Mutanen Daura sun san darajar maƙeri. Labarin kakanni ya ce a Gaya maƙera suka ƙera wa Bayajida wuƙar da ya kashe macijiya da ita a rijiyar Kusugu. Ana tunawa da jarumin, amma wa ke tunawa da wanda ya zauna a bakin wuta?

Gyara iri biyu ne. In wuƙa ta karye ko ƙota ta fita domin maƙeri ya yi ha'inci cikin aikinsa, wannan bashi ne a kansa. Sai ya gyara kyauta, gama karɓar kuɗi sau biyu a kan aiki ɗaya zalunci ne. Amma in wuƙa ta dakushe domin ta shekara tana yanka, laifin wa ke nan? Washi sabon aiki ne. Gawayi saye ake yi, yaron da ke zuga zai ci tuwo, dutsen washi kuma yana cinyewa.

Ku duba 1 Sama'ila sura 13. A zamanin Sarki Saul babu maƙeri a ƙasar Isra'ila, sai mutane suka riƙa kai garma da gatari wurin Filistiyawa, suna biya a wasa musu. In an biya abokin gaba, ƙaƙa za a hana ɗan'uwa? Littafin Firistoci 19:13 kuwa ya hana mu bar ladan ma'aikaci ya kwana a hannunmu.

Maƙeri yana da iko ya yafe wa gwauruwa ko matalauci, Ubangiji kuwa zai sāka masa. Amma kyauta daga zuciyar mai bayarwa take fitowa. Wanda ya matsa wa ɗan'uwansa da sunan zumunci har kunya ta sa ya yi shiru, ƙwace ya yi.

Domin wannan, ya ku 'yan'uwa, in kun je maƙera ku tambayi lada tun ba a tambaye ku ba. Kai kuma maƙeri, ka faɗi kuɗinka kafin ka taɓa ƙarfe, ka kuwa tsaya a kan maganarka.