Araha Ba Ta Ado

Ɗan yayata ya ninka kuɗin da yake karɓa na ɗaukar hoton biki, ya kuma rubuta a shafinsa na Instagram cewa araha ba ta ado. Shekararsa uku kacal da riƙe kyamara. Da na gani sai raina ya sosu, don a sanina mai saye ake ja wa kunne da wannan magana, ba mai sayarwa ne zai yi garkuwa da ita ba. Na kira shi na ce, "Kai yaro, an ce araha ba ta ado, amma ba a ce tsada ce adon ba." Ya ce, "Kawu, ka tuna bikin maƙwabtanku na bara?"

Ina zan manta. Uwar amarya ta nemi mai sauƙi, aka samo mata wani saurayi mai ladabi, kyamararsa ɗaya, memorinsa ɗaya. Ya ɗauki kamu, ya bi maza masallaci wurin ɗaurin aure, ya tsaya har aka kai amarya. Kakar yarinyar daga ƙauye aka ɗauko ta, ba ta son hoto, sai da aka yi ta lallashi kafin ta zauna ta dafa kan jikarta, tana sa mata albarka. Ina tsaye ya ɗauka, har ya juyo da kyamarar ya nuna mana, kowa ya yaba. Bayan kwana uku memori ya ƙi buɗewa. Ya zaga masu gyara a kasuwar Farm Centre, babu wanda ya iya ceto ko hoto ɗaya. Ya zo da kansa ya mayar da kuɗin, idonsa jawur. To amma ana sake kamu ne? Tsohuwar ta rasu kafin azumi. Abin da ya rage wa amarya sai ɗan dishi-dishin da ƙawaye suka ɗauka da waya. Kuma saurayin nan ba mugu ba ne, abin da yake karɓa ne ba zai taɓa saya masa kayan da suka fi waɗannan ba.

Nan ɗan yayata ya kafa hujjarsa. Canon 5D Mark III yake riƙe da ita, ta hannu, ƙirar 2012, ya zaɓe ta ne don tana cin memori biyu, in ɗaya ya mutu ɗayan na nan. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, batir da fitila da kuɗin Lightroom na wata-wata duk sun yi tashin gwauron zabo, ga man janareta na daren gyaran hoto. Na yarda da lissafinsa.

Sai dai zuciyata ba ta kwanta ba. Da me ya shiga kasuwar? Da araha. Hotunan Hawan Daushe da ya riƙa rabawa kyauta, da na suna da saukar Alƙur'ani da yake ɗauka a kan kuɗin mota, su suka sa aka san shi. Na kuma ga masu tsadar da suke goge fuskar amarya har uwarta ta kasa gane ta, albam kuma sai bayan wata shida.

Shekaranjiya matar da ta fara ba shi aikin suna ta zo neman ya ɗauki bikin 'yarta. Ya faɗi sabon farashi, ta yi shiru, ta gyara mayafi ta ce za ta yi shawara. Da daddare ya kira ni: "Kawu, in rage mata?" Na ce ya rage. Bayan na ajiye wayar na fara ƙirga irinta a unguwar, waɗanda suka riƙe shi tun yana ɗauka da waya, har yatsuna suka ƙare ban gama ba.