Haƙuri Ne Ko Sakaci?

Mu Hausawa mun daɗe muna yabon mai haƙuri, har muka ce shi kan dafa dutse. To amma anya duk mai zaman jira haƙuri yake yi? Manomin Unguwar Gai ta ƙasar Kibiya ya sani sarai, idan ruwan shuka ya sauka damshin na 'yan kwanaki ne. Wanda ya tsaya dogon shawara, sai ya tarar ƙasa ta bushe.

Mu leƙa Bebeji, mahaifar Alhassan Ɗantata. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa na begen auduga, manoma kuwa suka karkata ga gyaɗa, don ta fi tsoka, in ma ciniki ya ƙi a ci abar. Ɗantata ya riga ya ƙware a fataucin goron Gwanja, wato yana da abin da zai rasa. Duk da haka a 1918 ya rungumi sayen gyaɗa gadan-gadan. A ganinmu wannan ba ganganci ba ne, shekarun fatauci sun koya masa farashi da halin mutane tun damar ba ta zo ba. Fatake nawa suka ce a bari tukuna a gani? A 1929 raƙuma ashirin suka kai masa kuɗin azurfa banki.