Mai Ziyara Shi Kaɗai da Masu Abincin Hanya

Ko wace safiya motoci su kan tashi daga tashar Kawo, a arewacin Kaduna, su nufi Zariya, su bi ta Funtuwa da Gusau da Talata Mafara har Sakkwato. Yawancin waɗanda ke ciki fatauci ne ya tashe su, ko aiki, ko gaisuwar dangi. Amma a kan sami wanda ya tara 'yan kuɗinsa wata da watanni don ya je ya ziyarci Hubbaren Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ba shi da abokin tafiya sai jakarsa da butarsa. Irin wannan mutum, abu biyu a ke zarginsa da su. Na fari, a ce don me zai tafi shi kaɗai. Na biyu, idan ya komo yana ba da labarin furar da ya sha a wuri kaza, da tsiren da ya ci a wuri kaza, sai a ce ai wannan yawon ciki ya tafi, ba ziyara ba. To, ya kamata a auna maganganun nan biyu, a ga ko suna da nauyi.

Wuraren ziyara a ƙasar Hausa sanannu ne. Shehu ya rasu a Sakkwato cikin 1817, can kabarinsa ya ke, 'yarsa Nana Asma'u kuwa, wadda ta rasu cikin 1864, tana kwance kusa da shi. Ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana Wurno, inda ya rasu cikin 1837, ƙanensa Abdullahi kuma yana Gwandu. A Katsina akwai kabarin Wali Ɗan Marina da na Wali Ɗan Masani. Malamai sun saɓa a kan abin da ya halatta mutum ya yi a gaban kabari da abin da bai halatta ba, wannan kuwa magana ce tasu. Abin da ba su saɓa a kai ba shi ne, ganin kabari yana tuna wa mai rai mutuwa, ya kuma sa shi ya duba halinsa. Saboda haka mudun da za a auna ko wace ziyara da shi guda ne, watau halin da mutum ya komo gida da shi.

Masu hana tafiyar kaɗaici suna da hujja. Addini ya fi son matafiyi ya nemi abokan hanya, har idan sun kai uku su naɗa ɗaya ya shugabance su. Ciwo ya kan kama mutum a inda ba a san shi ba, ɓarayi kuma sun fi son wanda ba shi da mai tsaya masa. Wanda duk ya ji labarin 'yan fashin daji da suka addabi ƙasar Zamfara ya san tsoron nan ba na banza ba ne. Don haka mai hankali ba ya tafiyar dare, ba ya kuma tashi sai iyalinsa sun san inda ya nufa. Duk da haka akwai abin da kaɗaici ke koya wa mutum wanda taro ba ya koyarwa. Mutum goma in sun tashi daga unguwa ɗaya, unguwarsu su ke ɗauke da ita har Sakkwato: hirarsu ta gida ce, gardamarsu ta gida ce, mai girma a cikinsu yana nan da girmansa. Wanda ya tafi shi kaɗai kuwa, da ya wuce Zariya ba mai kiransa maigida, ba mai kiransa malam. Ya zama baƙo, ruwan sha ma sai ya tambaya. A nan ne ya kan gane kaɗaicin nasa suna ne kurum, gama ko wane zango hannun wani ne ke ciyad da shi.

Wannan ya kawo maganar abinci. Masu zargi suna cewa ziyara ibada ce, ibada kuwa ba ta gamuwa da kwaɗayi. Gaskiya ne kwaɗayi yana ɓata niyya, amma ci daban, kwaɗayi daban. Shari'a da kanta ta sauƙaƙa wa matafiyi, ta yarje masa ya yi kasaru, ta yarje masa ya sha azumi ya rama daga baya. Wanda ya isa Hubbare da yunwa tana murɗa masa hanji, hankalinsa ba ya kan addu'a, yana kan rumfar mai tuwo. Da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Hanyar da mutum zai jarraba niyyarsa mai sauƙi ce. Ya tambayi kansa, in da an ce ba abin da zai samu a hanya sai busasshen burodi da ruwa, zai tafi ko zai fasa? In zai tafi, to, waina da miyar taushen da ya ci a hanya arziki ne Allah ya ciyad da shi, ba laifi in ya ji daɗinsu ya yi godiya. In kuwa zai fasa, ya san abin da ya fid da shi daga gida.

Ba Hausawa kaɗai suka gamu da wannan tambaya ba. A ƙasar Jafan akwai tsohon addinin gargajiya wanda a ke kira Shinto, babban ɗakin bautarsa yana garin Ise. Ko wace shekara 20 su kan sāke gina shi sabo da katako, bisa siffar na dā. An fara wannan al'ada cikin shekara ta 690, an yi ta karo na 62 cikin 2013. Ɗayan manyan ɗakunan biyu na wurin an keɓe shi ne ga abar bautarsu mai kula da abinci, a kan kuma kai hadayar abinci can safe da yamma. A zamanin dā talakawan ƙasar su kan yi ɗango zuwa Ise a ƙasa, musamman cikin 1705 da 1771 da 1830. A wannan ta ƙarshe an ƙiyasta waɗanda suka je sun haura miliyan 4. Da yawansu barori ne da yara waɗanda suka sulale ba da sanin iyayen gidansu ba, ba su da guzuri sai ludayin itace a hannu, kamar ƙoƙon almajiri. Mutanen garuruwan kan hanya su kan zuba musu shinkafa ko kuɗi, su ba su takalman ciyawa, suna ganin yin haka lada ne. A bakin ƙofar ɗakin bautar kuma sai kasuwar abinci ta kafu. Akwai wata taliya mai kauri da a kan dafa har ta yi laushi don ta dace da cikin wanda ya gaji, akwai kuma wani gidan da ke sayad da curin dakakkiyar shinkafa da jan wake mai zaƙi tun 1707. Aƙidarsu dabam ce da ta Musulmi nesa ba kusa ba, amma sun lura da abu guda na gaskiya: ba mai isa wuri mai alfarma sai ta hannun masu dafuwa.

Kakannin Hausawa sun san haka sarai. Kafin zuwan jirgin sama, mai niyyar Hajji ya kan bi ta Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya a ƙasa, tafiyar ta kan ci shekaru. Ya yi noma a nan, ya yi ɗinki ko dako a can, ya sauka a zangon mutanen da bai taɓa gani ba. Da yawa ma ba su komo ba, zuriyarsu na nan a Sudan, kamar a garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Ba don akushin baƙi da a ke ajiyewa a gidajen kan hanya ba, da kaɗan ne za su ga Ka'aba. Shi ya sa matafiyin da guzurinsa ya yanke ya ke cikin mutum takwas da a ke ba zakka, ko da mawadaci ne a garinsu.

To, ga inda maganar ta ke da nauyi. A kan ga mutum ya tuɓe takalmi a ƙofar Hubbare, ya sunkuyad da kai, ya yi magana ƙasa ƙasa, hawaye na zuba. Sa'an nan ya fito ya zauna a bencin mai abinci, ya daka wa yarinyar da ta kawo masa ruwa tsawa, ya raina miya bayan ya share kwano, ya tsaya jayayya a kan kuɗin da bai kai na goronsa ba. Ya girmama wanda ya mutu, ya wulakanta mai rai. Alhali shi wanda ya zo ziyarta, a littafinsa Kitabul Farƙi, ya lissafa ƙwacen da a ke yi wa masu saye da sayarwa a kasuwa cikin zaluncin sarakunan zamaninsa, ya kuma sha zargin malaman da suka bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. An ce shi kansa da tufkar igiya ya ke samun abin da zai ci. Mai irin wannan hali, da za a tambaye shi, da wuya ya yarda da ziyarar da ta tsallake haƙƙin mai tuwo.

Wani zai ce ai mai tuwo ciniki ta ke yi, an biya ta, magana ta ƙare. Amma kuɗi shinkafa ya saya da itace da wahalar tuƙi, bai sayi amana ba. Baƙo bai san ko da wane ruwa aka yi miya ba, bai san ko naman na yau ne ko na shekaranjiya ba, bai san kuɗin da 'yan gari ke biya ba. Ya sa lafiyarsa a hannun wadda ba ta san sunansa ba, wadda kuma ta tabbata ba za ta sāke ganinsa ba. In ta ba shi mai kyau, ta karɓi abin da ta ke karɓa a hannun maƙwabcinta, ta yi abin da ba kuɗi ne ya tilasta ta ba. In kuwa ta ninka masa don ta ga baƙo ne, ko ta tura masa kwantai, ta ci amana, zaman rumfarta kusa da kabarin waliyyi ba zai wanke ta ba. Ashe su biyun jarrabawa ɗaya su ke ciki. A gida kunya ce ke tsare mutum, da tsoron abin da maƙwabta za su ce. A hanya ba maƙwabci, ba wanda zai kai labari, abin da ya rage wa mutum sai halinsa na ainihi da tsoron Allah.

Saboda haka mai niyyar ziyara shi kaɗai, in ya shirya wa hanya yadda ya kamata, kada zargi ya hana shi. Ya ci abin da garin ke ci gwargwadon buƙata, ya yi sallama kafin ya zauna, ya biya ba da ƙunƙuni ba, in ya ga wanda guzurinsa ya ƙare ya jawo shi su sa hannu tare. Masu abincin hanya kuma su tuna wanda ya zauna a gabansu ba shi da kowa a garin sai su. Idan mai ziyara ya komo Kawo, matarsa da 'ya'yansa da yaron shagonsa su ne za su fara sanin ko tafiyar ta yi amfani, tun bai buɗe baki ya ba da labari ba.