Kuɗin Lilo da Kuɗin Fito

Ranar yawon Sallar layya, bayan la'asar ta yi sanyi, na kai jikokina biyu wani fili a Yelwa inda wani bawan Allah ya kafa lilon ƙarfe irin mai kewayawa, wanda janareta ke juyawa, yara kuwa sun yi masa dafifi, kowa da barka da sallarsa a dunƙule a hannu. Na ƙirga kujerun lilon na tarar 8 ne, amma da aka tashe shi sai na ga yara 14 a kai, waɗansu a cinyar waɗansu, ɗaya daga cikin sarƙoƙin kuma an ɗaure ta da waya a inda ƙusa ta kamata ta kasance. Da na matsa na yi wa mai lilon magana, bai yi fushi ba, sai ya ce, "Baba, ai kai ma ɗazu ragi ka nema. In na ɗauki takwas a kuɗin da kuke biya, ko na man janareta ba zan mayar ba, balle na mai walda." Na kama hannun yarana muka tafi ba su hau ba, amma maganarsa ta biyo ni har Warra, domin gaskiya ya faɗa, kuma rabin gaskiyar a kaina take.

Tun daga ranar nake juya wata mas'ala a zuciya, wadda ga wanda ke zaune nesa da ruwa mai yiwuwa ta zama ta wasan yara, amma a gare mu da muke kwana muna tashi a bakin tafkin Kainji, mas'ala ce ta rai da mutuwa: idan mutum ya miƙa kuɗi don a ɗauke shi, a kan lilo ne ko a cikin jirgin fito, mene ne ainihin abin da ya saya?

Fuƙaha'unmu na mazhabar Malikiyya ba su bar wannan ba tare da bayani ba, kuma duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya karanci Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya ratsa ta kan hukuncin ko da bai tsaya a kansa ba. Abin da littafin ya tabbatar game da mai jirgi abu biyu ne: ba ya lamunin abin da ya halaka a jirginsa, kuma ba ya cancantar kuɗin hayarsa sai in ya isar. Masu sharhi suka ƙara da cewa ɗauke masa lamunin nan yana da sharaɗi, wato kada ya kasance ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka, domin in ya yi, to ramuwar dukiya da diyyar rai sun tabbata. In ka dubi hukuncin da idon basira, za ka ga shari'a ta riga ta amsa tambayata tun shekaru dubu da suka wuce, domin ba zama a kan katako fasinja ya saya ba, ba kuma ƙarar inji ba, abin da ya saya shi ne isa ɗaya gaɓar da ransa da kayansa, kuma duk kuɗin da aka karɓa a hannunsa alhali ba a yi tanadin isar da shi ba, an karɓa ne a kan abin da babu shi.

A nan ne nake ganin muna da abin dubawa a manyan wuraren wasa na duniya, ba don sun fi mu tsoron Allah ba, sai don sun daɗe suna lissafin abin da mu muke bari wa sa'a. Lokacin da Walt Disney ya buɗe Disneyland a jihar Kalifoniya ta Amurka a watan Yuli na 1955, kuɗin shigar babban mutum dala 1 ne, sa'an nan kowane abin hawa da tikitinsa daban, har aka rarraba tikitocin aji-aji gwargwadon darajar abin hawan. A 1982 aka watsar da wannan tsari aka koma biyan kuɗi ɗaya a ƙofa, mutum ya hau abin da ya ga dama. A 2016 aka fara bambanta farashi gwargwadon rana, ranar cunkoso ta fi tsada. Ya zuwa 2024 kuwa tikitin yini guda a ranakun da suka fi cika ya haura dala 200. Dalilin duk waɗannan sauye-sauye guda ne. Wurin nan, ko mutum ɗari suka zo ko dubu hamsin, albashin ma'aikata yana nan, kuɗin lantarki da na inshora suna nan, makanikan da ke bin kowane abin hawa suna dubawa kafin a buɗe ƙofa suna nan, kuma akwai makonnin da ake rufe abin hawa ɗungum don gyara, ba ya kawo ko sisi. Shi kuwa abin hawan, adadin da yake iya ɗauka a awa ɗaya ƙayyadajje ne, saboda kowace kujera da maɗaurinta, kuma maɗauri ɗaya ba ya riƙe mutum biyu. Saboda haka idan jama'a suka yi yawa, masu wurin suna iya ƙara kuɗi, suna iya barin layi ya yi tsawo, amma ƙofar ƙara mutane a kan kujera an toshe musu ita, da doka da tsoron kotu.

Ba a kan komai zan yaba musu ba. Tun 2021 suka mai da tsallake layi abin sayarwa, mai hali ya biya ƙari ya wuce ɗan talakan da ya yi awa guda a tsaye, kuma wannan abu ne da zuciyata ba ta natsu da shi ba, domin koya wa yaro ne tun yana ƙarami cewa haƙƙin riga zuwa ana sayensa. Kuma manyan wuraren wasan ma in suka yi sakaci rai yana salwanta: a watan Oktoba na 2016 mutum 4 suka mutu a wani abin hawa na ruwa a Dreamworld ta ƙasar Ostareliya, bincike ya gano raunin kulawa da ya daɗe, aka ci kamfanin tarar dalar ƙasar miliyan 3.6 a 2020. Sai dai ka lura, mutum 4 ne, aka yi shekara huɗu ana bin diddigin wanda ya yi sakaci da inda ya yi shi.

To, mu dawo gida. Tafkin nan da muke gani ba haka kakanninmu suka san Kwara ba. An gina madatsar Kainji tsakanin 1964 da 1968, ruwa ya taso ya shanye tsohuwar Busa da tsibirai da gonaki da ƙauyukan Gungawa da Kambari da sauran ma'abota gaɓa, aka tashi mutane fiye da 40,000 aka sake musu matsuguni. Inda a da ake fito da gora da filafili a ɗan taƙaitaccen lokaci, yanzu fage ne na ruwa mai faɗi wanda iska ke tayar wa igiya kamar teku, a ƙarƙashinsa kuma ga kututturan itatuwan da ruwa ya binne a tsaye, waɗanda in ruwa ya ja baya suke jiran cikin jirgi. Mai jirgin katako a wannan tafki yana da nasa lissafi, wanda bai gaza na masu Disneyland nauyi ba in aka gwada da ƙarfinsa: katako yana ruɓewa, ƙusa tana tsatsa, ɓaraka tana son toshiya, injin da ya ci bashi ya saya yana son bakanike, yaran jirgi suna son sallama, fetur kuwa tun da aka janye tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ninka ya sake ninkawa. In ya ƙara kuɗin fito, mata masu kai busasshen kifi da masu buhunan shinkafa za su koma jirgin maƙwabcinsa. In ya ce a jira sahu na biyu, kasuwa za ta watse kafin a iso. Ƙofar da ta rage masa a buɗe, wadda babu mai tsaronta, ita ce ta lodi, kuma ta nan yake bi.

Mun ga ƙarshen wannan ƙofa ranar Laraba, 26 ga Mayu, 2021, sa'ad da jirgin da ya taso daga gaɓar jihar Neja ya nufo Warra ɗauke da mutum fiye da 150 da kaya masu nauyi ya dare a tsakiyar ruwa, waɗanda aka tsamo da rai ba su wuce 20 da 'yan kai ba, aka yi kwanaki masunta da masu ninƙaya suna fito da gawarwaki ana yi musu salla. Allah ya jiƙansu, ya karɓi shahadarsu. Na ji a zaman makoki ana ta cewa kwana ne ya ƙare, kuma wannan gaskiya ce da babu mumini mai jayayya da ita, domin ajali ba ya gaba ba ya baya. Amma imani da ƙaddara ta'aziyya ce ga wanda aka yi wa rashi, ba hujja ba ce ga wanda aka ba amana, kuma da a ce ƙaddara tana ɗauke tuhuma, da shari'a ba ta wajabta diyya a kan kisan kuskure ba, alhali shi ma wanda aka kashe bisa kuskure kwanansa ne ya ƙare.

Akwai hadisin da Muslim ya ruwaito, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci, ya tura hannunsa cikin tarin ya ji danshi a ƙasa, ya hore shi a kan ɓoye jiƙaƙƙen a inda mai saye ba ya gani, ya kuma kira wannan algus. Cikin jirgi da sarƙar lilo su ne ƙasan tarin nan. Fasinja yana ganin fenti da rumfa, ba ya ganin katakon da ya sha ruwa, yaro kuwa ba ya ganin komai sai abokansa suna dariya a sama. Saboda haka a cikin kowace naira da aka biya akwai wani kaso wanda ba na mai jirgi ba ne, ba kuma na iyalinsa ba, haƙƙin gyara ne da aka damƙa masa ajiya, in ya cinye shi ya ci amana. Abin da mai lilon Yelwa ya tunatar da ni shi ne, wannan kaso ba mai jirgi kaɗai ke cin sa ba; ni ma da na tsaya ina taya har na sauke farashi ƙasa da abin da zai isa gyara, na sa hannu a cikin akushin, kuma wanda ya ga jirgi ya nutsa har ruwa ya kusa bakinsa amma ya ɗaga ƙafa ya shiga yana cewa a matsa masa, shi ma yana da nasa rabo na alhaki.

Wani zai ce, kuma da hujjarsa, to talaka fa? In aka rage lodi aka ƙara kuɗi, ba an hana shi kasuwa da asibiti ba ke nan? A nan ne lilo da jirgi suke rabuwa, domin malaman usulu sun bambanta tsakanin abin da yake larura da abin da yake ƙawa. Lilo ƙawa ce, halal ce kuma a ranar Idi, amma in ta yi tsada yaro zai yi kuka ya share hawaye ya kwana lafiya. Fito kuwa ga mutumin ƙetare larura ce, kuma abin da ya zama larurar jama'a ba a barin sa tsakanin matuƙi mai bashi da fasinja mai ƙaramin ƙarfi su sasanta a bakin ruwa, domin duk sulhun da za su yi a kan ransu za su yi shi. Gaskiya ne ya zo a hadisin Anas cewa da kaya suka yi tsada a Madina aka roƙi Annabi ya yanke farashi bai yanke ba, don gudun zaluntar wani a dukiyarsa, kuma da yawa daga malamai sun tsaya a kan wannan. Amma an ruwaito daga Imam Malik ta hanyar Ashhab cewa ya yi rangwame a yanke wa mahauta farashi muddin an bar musu riba, Ibn Habib kuma ya bayyana yadda za a yi: shugaba ya tara manyan 'yan kasuwar da waɗansu amintattu daga waje, ya tambaye su yadda suke saye da yadda suke sayarwa, a daidaita a kan abin da ba ya cutar da su, ba ya cutar da jama'a, da yardarsu. Ni a fahimtata, wanda ya hana yanke farashi don tsare dukiya ba zai hana yanke adadin fasinja don tsare rai ba, tun da rai yana gaba da dukiya a cikin abubuwan da shari'a ta zo ta kiyaye.

Wannan zama na Ibn Habib shi nake roƙon a yi a Warra da Yelwa da Shanga da kowace tashar jirgi ta ƙasar Yawuri, ƙarƙashin inuwar masarauta da ƙananan hukumomi da hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa. A kira sarakunan jirgi da matuƙa da wakilan mata 'yan kasuwa da limamai, a ƙirga man sahu ɗaya da gyaran shekara da kuɗin rigar ceto, a raba a kan adadin da jirgin ke ɗauka bisa gaskiya, a rubuta adadin da fenti a jikinsa inda kowa zai gani. In kuɗin da ya fito ya fi ƙarfin talaka, to giɓin na baitulmali ne, a cike shi da tallafin mai ko jiragen gwamnati ko cire kututture a hanya, masu hali kuma su sani wakafin rigunan ceto a tashar jirgi sadaka ce mai gudana kamar rijiya. Masu kafa lilo ranar Salla su ma kada a ba su fili sai wani masanin ƙarfe ya duba.

Kai kuma ɗan'uwa mai karatu, ranar kasuwa mai zuwa in ka isa bakin ruwa, ka tambayi matuƙi mutum nawa jirginsa ke ɗauka, ka biya shi kuɗinsa cikakke ba tare da taya ba, in kuwa ka ƙirga ka ga an wuce adadin, ka sauke ƙafarka da ta iyalinka ku jira na baya.